Cokali Uku na Baƙin Rubutu

A bangon da ke saman gadon kakata a asibiti an manna wata farar takarda. Abin da ke jikinta gajere ne: kada a ba ta komai ta baki. Ba abinci, ba ruwa, ko ɗigo. Kwana tara takardar ta yi a wurin.

Kaka ita ta haifi mahaifiyata. Bayan rasuwar kakanmu ta baro Kano ta dawo Manchester wurin ɗanta, kawuna, wanda likita ne. Suna zaune a Whalley Range, a hawa na biyu na wani tsohon gida da aka raba huɗu. Ciwon ya same ta ranar wata Talata da hantsi tana tsintar shinkafa. Shinkafar ƙasar nan ba ta da tsakuwa, an sha gaya mata, amma ba ta taɓa yarda ta ɗora tukunya ba tare da ta tsince ba. Farantin ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Allah ya sa ranar Kawu bai fita aiki ba. Kallo ɗaya ya yi mata ya kira motar asibiti.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, harshe ya yi nauyi, amma hankalinta garau. Abin da ya fi damun likitoci shi ne haɗiya. Sun bayyana mana cewa idan ta kurɓi ruwa, maimakon ya bi hanyar ciki zai iya zarcewa huhu, kuma ko tari ba lallai ta yi ba. Don haka suka zura mata siririn bututu ta hanci, ta nan ake ba ta abinci. Ta zare shi da hannun hagu a rana ta biyu. Aka mayar, ta sake zarewa. A karo na uku ba a mayar ba, aka bar ta da ƙarin ruwa a jijiya.

Kowace safiya wata matashiyar Baturiya takan zo, mai aikin duba magana da haɗiya. Tana da gwangwanin wani farin gari da take zubawa a ruwa ya yi kauri, don ruwa mai kauri ba ya saurin kuɓucewa zuwa huhu. Da shi za ta gwada ko maƙogwaron ya fara aiki. Sai dai gwajin ba ya yiwuwa sai mara lafiya ya buɗe baki, Kaka kuwa da ta hango cokalin sai ta datse haƙora.

Ni ne jikanta namiji na fari, saboda haka tun ina zanen goyo ni ne mijinta, kamar yadda wasan kaka da jika yake. Maigida take ce mini, ni kuma na ce mata Amarya. Ba mu taɓa haɗuwa ba ta rasa ƙarar da za ta kai ni: na yi ƙiba, na yi rowa, na bar ta da tsohon zane. Ranar Juma'a na shiga na ce, “Amarya, an tashi lafiya?” Ta dube ni, ta juya fuska bango. A nan na tsorata, fiye da ranar da aka kawo ta.

A ranar ce babbar likitar sashen ta tara mu. Ta ce jiki ba zai rayu da ƙarin ruwa kaɗai ba. Tunda Kaka ta ƙi bututun hanci, kuma ta ƙi gwaji, abin da ya rage shi ne a huda cikinta a sa bututu na dindindin. An kira tafinta ta waya ya gaya wa Kaka komai da Hausa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, “Ba za a huda ni ba.” Likitar ta yi mata wasu tambayoyi don ta tabbatar ta fahimci abin da ƙin zai jawo. Ta fahimta sarai. Likitar ta ce to maganarta ce za a bi, ba ta 'ya'yanta ba. Babu wanda ya faɗi sauran, amma duk mun ji shi.

Addu'a kam ba a yi ƙasa a gwiwa ba. An raba izu sittin a wayar dangi, daga Kano har nan, an sauke Alƙur'ani sau biyu cikin kwana uku. A masallacin da nake zuwa a Longsight, inda yawancin masallata 'yan Pakistan ne, liman ya sa ta a addu'a bayan sallar Juma'a, mutanen da ba su taɓa ganinta ba suka ce amin. A Kano an toya waina an raba. Kawu kuma kullum kafin ya wuce aiki sai ya tsaya ya ɗora hannu a goshinta, ya yi karatu, ya tofa mata. Duk lokacin da aka gaya mata sai ta lumshe ido, alamar ta gode. Amma bakin yana rufe.

Ranar Asabar ta kama gefen mayafin mahaifiyata, wadda muke kira Umma, ta jawo ta kusa. Ina tsaye a ƙarshen gado na ji.

“Duk kun sha,” ta ce. “Ni ce ba zan sha ba?”

Ba mu buƙaci bayani ba. Rubutu take nufi. A gidan da ta raine mu, babu ciwon da ke shigowa ba a aika wurin malam ya rubuta ayoyi a allo, a wanke, a kawo a kwano a sha ba. Ƙyanda, zazzaɓi, naƙuda, har jarrabawa. Ana zuwa asibiti, ana shan ƙwaya, amma a wurinta ba a fara magani ba sai baƙin ruwan nan ya wuce maƙogwaro. Shekara hamsin tana aikawa a rubuto wa wasu. Yau ga ta kwance, kowa yana mata addu'a ta waya, kuma farkon abin da ake miƙo mata a cokali ruwan Bature ne mai yauƙi.

Umma da Kawu suka fita baranda, na bi su. Umma ce babba.

“Yaya, ba gardamar halasci zan yi da ke yau ba,” in ji Kawu. “Wannan mun yi ta shekara ashirin, kowa na kan bakansa. Maganar huhu nake yi. Cokali ɗaya na tsinkakken ruwa zai iya zama ajalinta.”

“Rashinsa fa, Dokta?”

Ya kau da kai.

“Kai da ka fi kowa sha,” ta ce. “Har lasar kwanon kake yi.”

“Ina shekara biyar.”

“To ga ka, ka mutu?”

Ya shafa fuska. Sai ya faɗi abin da, ina jin, ya fi ci masa rai. “Kuma a gan ku da baƙin ruwa a gora a asibitin mutane? Me za ku ce musu? Rubutawa za su yi a fayil, a ce dangin likita ne suka kawo.”

Wannan kam Umma ba ta musa ba, ni ma haka. Mun daɗe a ƙasar nan muna zaune da abubuwa iri biyu: waɗanda ake nunawa da waɗanda ake bari a gida. Rubutu yana cikin na gida. Muka tsaya a kan za a samo, amma a ɓoye, kuma leɓe kawai za a jiƙa mata da shi. Kawu ya ce shi bai ji ba bai gani ba. Mu uku, duk da karatunmu, babu wanda ya kawo shawarar a tambayi ma'aikatan.

Mutum ɗaya muka sani da ke rubutu har yanzu, wani dattijo a Birmingham, tsohon ɗalibin kakana. Shekaru ya yi yana tuƙa bas a can kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ranar Lahadi da safe na kama hanya, ana yayyafi tun daga Stockport Road har na isa. Ya karɓe ni a ɗakin baya, inda hita ke kunne ga buzu a shimfiɗe a kan kafet. Ya tambayi jikin Hajiya, ya ce ita ce ke aiko musu da tuwo a zaure lokacin suna karatu, kuma ba ta taɓa aiko da miya ba man shanu ba.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Sannan na ƙara da nawa: ko akwai yadda za a yi kada ruwan ya fito baƙi, saboda idon mutane.

Ya ce akwai. Maƙwabtansa 'yan Yaman da Somaliya da za'afaran suke rubutawa a farin faranti, su wanke da ruwan wardi. Ayoyin dai su ne. Sai ya dube ni ta saman tabarau.

“Ita ta ce a yi haka, ko kai ka ce?”

“Ni na ce, Malam.”

“To.”

Ya jiƙa za'afaran, ya rubuta a faranti cikin natsuwa, ya wanke, ya ɗura mini a ƙaramar gora. Ruwan ya fito rawaya, gwanin kyau, ba mai ganinsa ya yi tambaya. Har na miƙe sai ya ce in dakata. Ya ɗauko wani ɗan allo da bai fi tafin hannu biyu ba, da alƙalamin kara, da 'yar kwalbar tawada, ya sa a leda.

“Tafi da su, ba su da nauyi. Tawadar ni na haɗa, gero ne na ƙona sai ƙaro. Babu abin da ba a ci a ciki.”

Ranar Litinin da safe muka ja labule muka kewaye gadon. Umma ta fito da gorar, da ɗan soson nan mai sanda da ake goge wa marasa lafiya baki. Na san a raina ba a leɓe za ta tsaya ba, kuma ban san ko zan iya hana ta ba.

“Inna, ga rubutun. Daga wurin Malam na Birmingham.”

Kaka ta ɗaga ido ta dubi gorar. Ta daɗe tana kallo.

“Lemo,” ta ce.

“Wallahi rubutu ne, Inna. Da za'afaran aka yi.”

“Na tsufa. Ban makance ba.” Ta juyo da ido kaina. “Maigida. Har da kai?”

Ta ɗauka maganin asibiti muka ɗura a gora muka sa masa sunan rubutu, irin dabarar da ake yi wa yaro. Kwana shida ba ta kira ni da sunan nan ba, sai a wannan tambayar. Na buɗe baki zan yi bayani ke nan aka yaye labulen. Mai duba haɗiya ce da gwangwaninta. Umma ta tura gorar ƙarƙashin mayafi da sauri, mace mai shekara sittin, kamar an kama ta da kayan sata. Matar ta gani. Ta dubi takardar bango, ta dube mu, ta tambaya a hankali ko an ba ta wani abu.

Na ce ba a ba ta ba. Sannan, don na gaji, na gaya mata komai: allon, tawadar, wankewar, shekara hamsin ɗin, da dalilin da ya sa ake datse mata haƙora kullum. Na fito da ledar Malam na nuna mata. Ina magana ina jiran fuskarta ta canza.

Ba ta canza ba. Ta buɗe kwalbar ta sansana, ta ciro biro, ta yi tambaya uku. Me ke cikin tawadar? Nawa ake buƙatar a sha kafin ya ƙirgu? Kuma idan ta zuba garinta ya yi kauri, ya ɓaci a wurinmu?

Ta ukun ban san amsarta ba. Na kira Malam a take. Dariya ya yi har da tari.

“Kai, a gida ba a kunu ake zuba wa yara ba? Ta zuba abinta. Ko cokali ɗaya ne ya isa, ba ƙoshi ake nema ba.”

Matar ta rubuta gero da ƙaro a takardarta, ta ce sai ta nuna wa likita da mai harhaɗa magani, ba ta yi alkawari ba. Har ta juya sai ta tsaya ta ce, ba da faɗa ba, “Da kun gaya mini tun ranar Asabar.” Kwana biyu muka ƙara wa tsohuwa na yunwa saboda kunyar abin da ba wanda ya hana mu.

Washegari amsa ta zo: an yarda, da sharaɗin a gabanta za a yi, da ruwan gora, kuma ita za ta riƙe cokali. Saura mai rubutawa. Malam ba ya iya doguwar tafiya. Na ce zan koma Birmingham in karɓo baƙin rubutu. Kaka ta girgiza kai. An riga an kawo mata gora sau ɗaya, ba za ta sake yarda da gora ba.

“A nan,” ta ce. “Ina gani. Maigida ya rubuta.”

Rabona da alƙalamin kara tun ina ɗan shekara goma sha biyu, a makarantar allon bayan gidanta.

Ranar Laraba da ƙarfe goma na yi alwala a makewayin sashen, na zauna a kujerar roba na ɗora allon a cinya. Kawu ya ɗauki hutun safiya ya zo, ya ce don ya sa ido ne kawai. Aka ɗaga kan gadon yadda za ta hango. Na tsoma alƙalami na fara da bisimilla, tawadar ta ɗiga ta yi tabo. Na rubuta Fatiha da ka. Da na zo ayoyin neman waraka sai na ciro waya zan duba.

“Ajiye,” in ji Kawu. Ya matso ya tsaya a kaina ya fara karanto mini su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana jira in gama kalma kafin ya faɗi ta gaba. Umma ta dube shi.

Hannuna ya saba da boko, sai karkacewa layin yake yi yana gangarowa. Ina tsaka da layi na biyar na ji an ce, “A ƙasa.”

Na ɗago. Kaka ce.

“Ɗigon harafin fa. A ƙasa yake.” Na sa shi a sama, irin na bugun da muke karantawa a nan, ita kuwa a allonsu a ƙasa ake sa shi. “Wa ya koya maka?”

“Ke kika kai ni makarantar, Amarya.”

“Asara,” ta ce. Ɓangaren bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

Na gyara. Da allon ya cika na miƙa mata, ta bi shi da ido daga sama har ƙasa, ta gyaɗa kai. Na wanke a ɗan kwano, ina murzawa da yatsa har itacen ya fito fes. Ruwan ya yi baƙi, da ƙanshin ƙonannen gero da na manta na sani. Matar ta auna garinta ta zuba, ta juya, ta duba agogo, ta jira har ya kama jikinsa kamar kunu mai kauri. Ta gyara wa Kaka zama, ta sa Kawu ya gaya mata ta sunkuyar da haɓa. Ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta, ta ɗebo rabin cokali.

Kaka ta yi bisimilla ta buɗe baki.

Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne. Na san dai ina kallon yatsun matar, kuma Umma ta riƙe hannun rigata. Sai maƙogwaron ya yi sama ya dawo. Matar ta ce a gaya mata ta yi magana, ko me ta ga dama, tana so ta ji ko muryar ta jiƙe, don ta haka ake gane abin ya bi ta huhu.

“Alhamdu lillahi,” in ji Kaka. Muryar a bushe, tas.

Aka ba ta na biyu, aka ba ta na uku. Matar ta ajiye cokali ta ce ya isa na yau. Kaka ta nuna kwanon da ido, ba a barin saura. Kawu ne ya ɗauka, ya lakata da yatsu ya shafa mata a hannun da ya mutu, daga kafaɗa har farce, ya shafa a fuska. Bai dubi kowa ba yana yi.

Kafin la'asar aka cire takardar bango aka sa wata: abu mai kauri, kaɗan-kaɗan, a zaune. Washegari ta karɓi ruwan matar ba gardama. Bayan kwana uku Umma ta kawo kunun gyaɗa da ta tace sau biyu, aka duba kaurinsa aka yarda. Maganar huda ciki ba a sake tayar da ita ba.

Daga baya Kawu ya gaya mini cewa haɗiya takan dawo da kanta ga mutane da yawa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma mai yiwuwa tata ta dawo tun kafin Laraba, rufaffen baki ne ya hana a sani. Umma tana da nata bayanin. Ban taɓa sa baki ba in sun fara, don na lura duk inda suka bi, a hamdala ɗaya suke tsayawa. Abin da na gani da idona shi ne: an roƙi Allah a Kano da Longsight da Birmingham, kuma amsar ta iso a hannun wata mata da ba ta san ko harafi ɗaya na abin da ke allon ba, amma ta tambaya ko garinta zai ɓata mana shi. Na je na yi mata godiya ranar da aka sallame mu. Ta ce aikinta ne. Na gaya wa Kaka, ta ce a gaya mata Allah ya ba ta masu jin ƙanta ranar da ta tsufa. Na fassara iya yadda zan iya.

Gorar za'afaran ta kwana biyu a jakar Umma, don ba a zubar da irin wannan a magudana. Kaka ce ta yanke hukunci, bayan ta yarda cewa ba ƙarya muka yi mata ba. Ta ce a ba Dokta, shi ma ya rame. Ya karɓa, ya juya mana baya yana kallon taga, ya shanye.

Yanzu tana gida a Whalley Range. Tana takawa da sanda zuwa kicin, hannun daman bai dawo duka ba, da hagu take tsintar shinkafa. Na kira Malam zan mayar masa da allonsa, ya ce in tambaye ta tukuna. Na tambaya, ta ce allon da ya shiga ɗakinta ya shiga ke nan. Duk Lahadi bayan azahar nakan je in rubuta mata, ta karɓa ta duba kafin a wanke. Makon jiya ta daɗe tana dubawa, ta miƙo mini.

“Ya fara zama rubutu,” ta ce. “Sabon zanena fa, Maigida?”